Daren Tokyo: Titi Lafiya Lau, Haɗarin Yana Bayan Ƙofa

Da misalin ƙarfe 11:30 na dare, tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku kan ɗauki wani irin sauri na daban. Ma'aikatan ofis cikin baƙar kwat, ɗalibai, 'yan mata riƙe da jakunkunan kanti, kowa ƙafarsa ba ta zama, wasu ma gudu suke yi a kan matakala. Jirgin ƙarshe suke son kamawa, wanda 'yan ƙasar ke kira shuden. Jiragen Tokyo ba sa kwana suna aiki. Tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 1 ake tsayar da su, ba za su dawo ba sai wajen biyar na asuba. Wanda jirgi ya bari, ko dai ya hau tasi mai tsadar gaske, ko ya nemi inda zai raɓe har gari ya waye.

Baƙon da ya fahimci wannan ya fahimci rabin daren Tokyo. Birnin kansa yana da mutum kusan miliyan 14, idan aka haɗa da garuruwan da suka manne da shi kuwa lissafin ya kai miliyan 37, kuma akasarinsu a jirgi suke zuwa aiki su koma gida. Shinjuku kaɗai, kafin annobar korona, fasinja sama da miliyan uku da rabi ke bi ta cikinta kullum, ƙofofin fitarta sun haura 200. Don haka dare a nan kashi biyu ne. Akwai na masu komawa gida, wanda ke farawa da an tashi daga aiki ya ƙare da jirgin ƙarshe. Akwai kuma na waɗanda suka yanke shawarar kwana a gari. Mutanen da ke cikinsu daban, farashi daban, haɗarin ma daban.

Baƙi sun yi wa Japan yawa a 'yan shekarun nan. A 2024 mutum kusan miliyan 37 suka shiga ƙasar yawon buɗe ido, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan, kuma faɗuwar darajar yen, wadda a shekarar ta kai 160 kan dala ɗaya, ita ta mai da ƙasar da ake wa kallon mai tsada ta zama mai sauƙi ga mai dala a hannu. Daga Najeriya babu jirgin sama kai tsaye. Sai an yada zango a Addis Ababa, Doha, Dubai ko Istanbul kafin a sauka Narita ko Haneda, kuma agogon Tokyo yana gaban na Kano da awa takwas.

Birnin da aka gina sau biyu

Da rana, kusan kowane baƙo da unguwar Asakusa yake farawa, inda haikalin Senso-ji yake. Labarin da mabiya addinin Buddha ke bayarwa shi ne wasu masunta biyu, wa da ƙani, suka tsamo wani ɗan gunki a tarunsu daga kogin Sumida a shekarar 628, aka gina masa wurin bauta. Ana shiga ne ta ƙofar Kaminarimon, ƙarƙashin jar fitilar takarda da tsawonta ya kusa mita huɗu, sannan a bi layin Nakamise mai shaguna dama da hagu har zuwa haikalin. Hayaƙin turare, ƙarar kuɗin da ake jefawa a akwatin katako, masu zarar takardar duba kan yen 100, duk suna nan. Musulmi zai iya tsayawa ya kalla ba tare da ya sa hannu a komai ba, kuma babu wanda zai ce masa don me.

Abin da ya fi kama hankalina a Asakusa shi ne ginin da ke kama da na shekaru dubu ba tsoho ba ne. A 1958 aka kammala babban zauren da ake gani yau, da kankare. Wanda ya gabace shi ya ƙone a daren 10 ga Maris 1945, lokacin da jiragen yaƙin Amurka suka yi wa gabashin birnin ruwan bama-baman wuta, mutum kusan 100,000 suka mutu kafin wayewar gari. Ita kuwa ƙofar Kaminarimon, mai kamfanin Panasonic, Konosuke Matsushita, ya ba da kuɗin sake gina ta a 1960. Shekara 22 kafin wancan daren, girgizar ƙasar 1 ga Satumba 1923 da gobarar da ta biyo bayanta sun riga sun cinye rayuka sama da 100,000. Sau biyu cikin rayuwar mutum ɗaya Tokyo ta zama toka. Wanda ya san haka zai daina neman tsofaffin gine-gine, ya soma duban yadda mutane suka mai da kowane abu mazauninsa, da sunansa, da bikinsa, kamar ba a taɓa rushe shi ba.

Daga bakin kogin ana hango hasumiyar Skytree mai tsawon mita 634, wadda aka buɗe a 2012. Hawanta da kuɗi, kuma ba kaɗan ba. Mai son ganin birnin daga sama kyauta ya tafi ginin gwamnatin Tokyo a Shinjuku, lifta ta kai shi hawa na 45, mita 202 daga ƙasa. In sararin sama ya washe da hunturu, har Dutsen Fuji ana gani. Kurmin da ya kewaye wurin bautar Meiji a Harajuku ma ya cancanci awa guda. Itatuwansa kusan 100,000 kyauta ce aka tattaro daga sassan ƙasar aka dasa da hannu wajen 1920, yau kuwa ka rantse daji ne tun fil azal. Mahaɗar Shibuya, inda mutum sama da dubu ke tsallaka titi a lokaci guda da zarar fitila ta ba da hannu, minti goma ya ishe ta. Haka mutum-mutumin Hachiko, karen da ya yi kusan shekara goma yana zuwa tasha jiran ubangidansa da ya rasu a 1925.

Wurin da nake ganin bai kamata Musulmi ya tsallake ba shi ne masallacin Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara, 'yan tashoshi kaɗan daga Shinjuku. Musulmin Tatar da suka gudo daga Rasha bayan juyin juya halin 1917 ne suka fara gina masallaci a wurin a 1938. Da ya tsufa aka rushe shi a 1986, sai Turkiyya ta ɗauki nauyin sabon, aka buɗe shi a 2000 cikin salon ginin Daular Usmaniyya, da ƙubba da hasumiya da farin marmara. Ran Juma'a sahu kan haɗa 'yan Indonesiya, Pakistan, Bangaladash, Turkawa, 'yan Afirka da Japanawan da suka musulunta. Akwai kantin kayan halal a harabar, kuma Japanawan da ba Musulmi ba suna zuwa rukuni-rukuni a zagaya da su. Alƙibla a Tokyo tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa. Filayen jirgin sama na Narita da Haneda duk suna da ɗakin salla, haka wasu manyan kantuna.

Lungunan da yunwa ta haifa

Da hunturu rana kan faɗi tun wajen ƙarfe 4:30 na yamma, sai allunan lantarki su kama, hawa bisa hawa. A nan akwai abin da ke ruɗa baƙo: Tokyo a tsaye take kasuwancinta. Gini ɗaya siriri zai iya ɗaukar gidan abinci a ƙarƙashin ƙasa, mashaya a hawa na uku, ɗakin waƙa a na shida. Mai duban ƙofofin ƙasa kawai zai wuce mafi yawan abin da ke wurin.

Cibiyar daren ɗan Tokyo ita ce izakaya, wurin da ake ci ana sha, ana kawo abinci a ƙananan faranti kowa ya sa hannu. Nan ma'aikata ke taruwa bayan aiki, nan ƙaramin ma'aikaci ke iya gaya wa ubangidansa abin da ba zai faɗa a ofis ba. Da ka zauna za a ajiye maka ɗan abin taɓawa da ba ka nema ba. Sunansa otoshi, kuma zai fito a rasit, 'yan ɗaruruwan yen kan kowane mutum. Kuɗin kujera ne, kowa na biya, ɗan gari da baƙo. Tukwici kuwa ba a bayarwa. In ka bar canji a tebur, mai hidima zai biyo ka da shi waje.

Wanda ba ya shan giya ba zai zama abin kallo ba. Japanawa da yawa jikinsu ba ya ɗaukar barasa tun haihuwa, don haka shayin oolong mai sanyi, lemo da ruwan 'ya'yan itace suna kowane jerin abin sha. Inda wahalar take shi ne abinci. Naman alade, wanda suke kira buta, yana ɓuya a wurare da yawa, har da romon taliyar ramen, musamman wadda ake kira tonkotsu, da ƙashin alade ake dafa ta. Akwai kuma mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da ake zubawa a miya da romon gashi kamar yadda ake zuba gishiri. Mai kiyaye halal ya fi samun natsuwa da gasasshen kifi da gishiri kawai, da shinkafa, da kayan lambu, ko ya nemi gidajen da ke da takardar shaidar halal, waɗanda suka ƙaru sosai a Asakusa da Shinjuku. A Shin-Okubo, tasha ɗaya daga Shinjuku, akwai wani lungu na kantunan Musulmin Kudancin Asiya inda ake samun nama, kayan yaji da dafaffen abinci ba tare da wasiwasi ba.

A gefen yamma na tashar Shinjuku akwai Omoide Yokocho, lungu mai hayaƙi wanda mutum biyu da ƙyar suke giftawa. Asalinsa kasuwar bayan fage ce ta shekarun da suka biyo bayan 1945, lokacin da gwamnati ke rabon abinci da awo. Kayan ciki ba sa cikin abin da aka ƙayyade, sai masu rumfuna suka kama gasa su a tsinke. Har yau abin da ake gasawa ke nan, a shagunan da ba su wuce kujera goma ba, kuma yawancinsa kayan cikin alade ne. A ratsa a gani, a shaƙi tarihin, a ci abinci a wani wuri.

Golden Gai, a gabashin tashar, ita ce ta fi ba ni sha'awa. Lunguna shida ne ƙunshe da mashaya sama da 200, gine-ginen katako masu hawa biyu, da matakala mai tsayi kamar tsani. Wasu ba sa ɗaukar fiye da mutum shida. A shekarun 1960 da 1970 marubuta, masu shirya fim da 'yan jarida suka mai da wurin majalisarsu, kowace mashaya da mutanenta da abin da ake tattaunawa a cikinta. A shekarun 1980, da farashin fili ya yi tashin gwauron zabo, aka yi ta cinna wa irin waɗannan unguwanni wuta don a kori masu su a gina benaye. Masu shagunan Golden Gai suka riƙa gadin dare da kansu, shi ya sa take nan har yau a tsakiyar gilasai da ƙarafa. Wasu ƙofofin na abokan ciniki na dindindin ne kawai, kuma an rubuta hakan. Wasu suna maraba da baƙi, sun kafa kuɗin shiga a bakin ƙofa. Lungunan mallakar masu wurin ne, ɗaukar hoto sai da izini. Baƙon da ya shiga ya zauna da ladabi, ko lemo yake sha, zai iya samun hirar da ta fi duk wata hasumiya daraja.

Kabukicho da 'yan kamashonta

Taku kaɗan daga nan sai Kabukicho, unguwar holewa mafi girma a Japan. An raɗa mata sunan ne a 1948 saboda gidan wasan kwaikwayon gargajiya na kabuki da aka yi niyyar ginawa, wanda ba a gina ba. Yau iyalai na zuwa kallon fim, suna ɗaukar hoton kan dodon Godzilla da ke leƙowa daga saman ginin Toho. A titunan baya kuwa gidajen mata ne, da otal-otal na awa, da gidajen da samari ke zama da mata su sha giya mai tsada. Waɗannan na ƙarshen sun jefa 'yan mata da yawa cikin bashin da ya kai su ga sayar da jiki, har majalisar dokokin ƙasar ta tsaurara doka a kansu a 2025. Hasken unguwar yana da kyau a hoto, amma akwai hawaye a ƙarƙashinsa, kuma bai kamata a ɓoye wa mai karatu ba.

Tafiya a titin Kabukicho, ko ƙarfe 2 na dare, ba ta da hatsarin da aka sani a manyan biranen duniya. Ƙwace da fashi ba su da yawa. Za ka ga mutum ya bugu ya yi barci a gefen hanya, wayarsa da jakarsa na nan ba a taɓa ba. Matsalar tana farawa ne daga mutumin da zai tare ka da fara'a. Aikinsa irin na ɗan kamashon tasha ne, ya kawo mutum a ba shi lada. Zai ce akwai wuri mai araha, sha iya cikinka kan kuɗi kaɗan, ga 'yan mata, ga kiɗa. Da ka bi shi lifta ta rufe, an gama. Rasit zai fito da ninkin abin da aka faɗa sau goma ko fiye, ƙarti su tsaya a ƙofa, a raka ka na'urar cire kuɗi. Japanawa na kiran wannan bottakuri. Akwai mafi muni, inda ake zuba wa mutum abin gusar da hankali a kofi, ya farka an yashe katinsa na banki. Ofishin jakadancin Amurka ya sha gargaɗin 'yan ƙasarsa kan haka a Kabukicho da Roppongi. Dokar gundumar Shinjuku ta haramta wannan tare mutane, lasifika na ta nanata gargaɗi da harsuna daban-daban, amma sana'ar ba ta mutu ba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai abin da ya shafe mu a nan kai tsaye, kuma yana da zafin faɗa. Cikin masu wannan aiki akwai Japanawa, akwai kuma 'yan Afirka ta Yamma, har da 'yan Najeriya, waɗanda ake ɗauka musamman don su jawo baƙi da Turanci. Baƙar fatar da ke wucewa zai iya jin an yi masa magana da Turancin buroka, a kira shi ɗan'uwa, a tambaye shi labarin gida. Bayan kwanaki cikin mutanen da ba ka jin harshensu, wannan gaisuwa na da daɗi, kuma daɗin ne tarkon. Ba kowannensu ne macuci ba, wasu rashin takarda da rashin wani aiki ya tsayar da su a titi. Amma 'yan Najeriya da ke Japan 'yan dubbai ne kawai, da yawansu ɗalibai ne, ma'aikatan masana'antu da masu safarar motoci da kayan gyaransu, kuma su ke ɗaukar nauyin sunan da waɗancan ke ɓatawa. A amsa gaisuwa, a yi musabaha, a wuce.

Idan wani abu ya faru, ko hanya ta ɓace, kusan kowace babbar mahaɗa tana da koban, ɗan ƙaramin ofishin 'yan sanda mai jar fitila. Matambayi ba ya ɓata, kuma nuna hanya na cikin aikinsu na kullum. Nan ake kai tsintuwa. A 2022 kuɗin da mutane suka tsinta suka miƙa wa 'yan sandan Tokyo ya kusa yen biliyan huɗu, kuma mafi yawansa ya koma ga masu shi. Sai dai hukumar da ke mayar maka da walat ba ta wasa. Doka ta wajabta wa baƙo yawo da fasfonsa, ana iya tare shi a nema, kuma baƙar fata ya fi fuskantar hakan. Wanda aka kama da zargi ana iya tsare shi har kwana 23 kafin a tuhume shi. Ƙwaya komai ƙanƙantarta babban laifi ce, har wasu magungunan mura da na ciwo da ake saye a kemis a gida ba a shiga da su sai da izini. Mata ma su sani cewa amincin bai cika ba: taɓa jiki a cunkoson jirgi matsala ce da ta sa aka ware tarago na mata zalla a lokutan cunkoso.

Bayan jiragen sun tsaya

Masu kwana a gari suna da zaɓi. Gidajen rawa na Shibuya da Roppongi kan kai asuba, abin da sai a 2016 ya halatta sosai, bayan an gyara wata dokar 1948 da ta hana rawa bayan tsakar dare. Akwai karaoke, ɗaki na ku kaɗai, ku biya kuɗin dare ku yi ta waƙa ko ku yi barci a kujera. Akwai otal ɗin da ɗakinsa akwati ne iya tsawon mutum, salon da aka fara a Osaka a 1979. Akwai shagunan intanet masu ɗan keɓaɓɓen wuri da wurin wanka, inda za ka tarar da waɗanda ba jirgi ne ya bar su ba, nan ne gidansu, don albashinsu bai kai kuɗin haya ba. Kantunan konbini, irin su 7-Eleven, Lawson da FamilyMart, yawancinsu ba sa rufewa. Da bazara asuba kan yi tun kafin ƙarfe uku, rana ta fito wajen 4:30, kafin ma jiragen farko su cika.

Haƙurin 'yan gari da baƙi kuwa ya soma raguwa. Daga Oktoba 2024 gundumar Shibuya ta hana shan giya a titi da dare a kewayen tasha duk tsawon shekara, saboda hayaniya da shara. Kwandon shara da wuya ka gan shi, an kwashe da yawa bayan harin iskar guba da ƙungiyar Aum Shinrikyo ta kai a jiragen ƙarƙashin ƙasa a 1995, kowa da shararsa yake tafiya har gida. Ba a amsa waya a cikin jirgi, ba a shan taba sai a wurin da aka keɓe. Mu ma mun ga yadda al'amarin ya yi tsami a Agusta 2025, lokacin da hukumar JICA ta gwamnatin Japan ta ayyana garin Kisarazu, a tsallaken gaɓar Tokyo, a matsayin garin zumunci da Najeriya. Labari ya bazu cewa za a ba 'yan Najeriya biza ta musamman, Japan ta ƙaryata, ƙorafi ya yi wa ofishin garin yawa, a Satumba aka soke shirin gaba ɗaya.

Ga mai niyyar zuwa, ya nemi bizarsa ta hanyar da ofishin jakadancin Japan da ke Abuja ya tsara, ya rabu da masu alkawarin gajeriyar hanya. In ya isa, ya sayi katin Suica ko Pasmo na shiga jirgi, ya ware dare ɗaya don Golden Gai da titunan Shinjuku, ya ware Juma'a don Yoyogi-Uehara. Ƙofar da zai shiga, shi ya zaɓe ta da kansa, bayan ya ga farashi a rubuce. Kada ya bi kowa, ko da wanda ya kira shi ɗan garinsu ne. Lambar 'yan sanda a Japan 110 ce, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119.